Igiya Uku da Igiya Biyu

Kwana uku ke nan ana marka a Bukkuyum, rana ba ta leƙo ba ko sau ɗaya. Ina zaune a zaure da takardun jarrabawar 'yan aji huɗu a kan cinyata, ina duba lissafi, sai ga ƙamshin ganyen tafasa daga cikin gida. Uwar yarana ce ke dafawa, za ta yi musu kwaɗo da ƙuli da ɗan mai, wai marmari suke yi. Ni kuwa ta san ba na ci, ko tayi ba ta yi mini. Ana cikin haka na buɗe takardar wata yarinya, tambaya ta shida: √18 + √8. Ta rubuta √26 da hannu mai kyau, har da jan layi biyu a ƙasa. Na ajiye jan biron. Wallahi sai da yawun bakina ya yi ɗaci, domin amsar nan ita ta ciyar da gidanmu ganyen nan damina guda cur.

Mu mutanen wani ƙauye ne gabas da Gummi, tafiyar rabin awa a kan keke. Babanmu ya rasu da bazara, shekara guda kafin soja su miƙa mulki. Ya bar Inna, da ni, da ƙannena mata uku, autarsu Kulu tana shekara biyar. Ya kuma bar gona ɗaya da muke kira gonar gawo, saboda wani ƙaton gawo da ke tsakiyarta. Gona ce shimfiɗaɗɗiya mai kusurwa huɗu, tsawonta da faɗinta ɗaya, kuma ita ke ciyar da mu daga kaka zuwa kaka, har a ba maƙwabta.

Ni a lokacin ina da shekara goma sha takwas, ina aji huɗu a sakandare a Gummi, jeka-ka-dawo. Baba bai yi boko ba, amma ya ɗauki boko da zafi. In na ɗauki kalme, wato fartanya, sai ya karɓe, ya ce in je in yi karatuna, biro ne kalmena. Haka na zama ƙato, da gemu yana tsirowa, ban san iri nawa gona ke ci ba, ban san kwana nawa ake nome ta ba. Abin da na sani shi ne in na sa farar rigar makaranta na bi ta kasuwa ana kallona. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, sai dai ta ce Ɗanboko. Ina jin daɗin sunan nan ƙwarai, Allah Ya sani.

Bayan sadakar arba'in sai ga Baffa Nomau, ƙanen Baba, uba ɗaya. Gonarsa ce ke iyaka da gonar gawo ta yamma. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin Inna, ya yi gaisuwa doguwa, har da share hawaye. Sannan ya kawo magana a hankali. Ya ce gonar gawo ta yi nisa, ga rafi a tsakani da ke cika da damina, gida kuma ba namiji sai ɗan makaranta. Shi yana da 'yan gonaki biyu nan bayan gari, in an yarda a yi musaya, mu karɓi na kusa, shi ya wahala da ta nesa. Ya ce ba ya son haƙƙin marayu, don haka a kira manya a auna da igiya, in ba su yi daidai ba a bar maganar.

Inna tana takaba, ba ta da ikon taka ko ƙofar gida, balle gona. Sai ta ce daga bayan labule: “To, ga Ɗanboko nan. Shi na idona. Abin da ya gani shi na gani.”

Ranar awo an yi zafin da ba na mantawa. Zafin bazara ne na gab da ruwa, iska ta tsaya cik, ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Muka fita da hantsi: Baffa, mai unguwa, liman, da Tsoho Jatau mai haƙar rijiya, wanda da igiyarsa ake duk awon gari. Ni kuwa na sa rigar makaranta ranar Asabar, na ɗauki littafi da biro biyu. Ku duba wauta.

Muka fara da gonakin Baffa. Ta farko igiya uku ce ta kowane gefe. Ta biyu, can bayan makabarta, igiya biyu ta kowane gefe. Na rubuta. Muka miƙe hanya zuwa gonar gawo, muka tsallake rafin a bushe, aka ja igiya: biyar ta gabas, biyar ta kudu, haka sauran. Baffa ya juyo ya tambaye ni, uku da biyu nawa ke nan. Na ce biyar. Ya ce alhamdu lillahi, shi dama ya san ba zai cuci ɗiyan ɗan'uwansa ba.

Ba zan yi ƙarya ba, idona ya gaya mini wani abu. Ina tsaye gindin gawo ina hangen iyakar gonar can nesa, zuciyata ta ce anya kuwa. Amma ga lamba a takarda, ni kuma an koya mini takarda ta fi ido. Tsoho Jatau yana naɗe igiya, bai ɗaga kai ba ya ce: “Yaro, gona ba baki ɗai gare ta ba. Ciki gare ta.”

Da a ce na tambaye shi abin da yake nufi, da yau wani labarin nake bayarwa. Amma sai na ji kamar mai haƙar rijiya ya raina mini wayo a gaban manya. Na ce ai shi ke nan, sai mu auna cikin ma. Na sa aka ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ta ratsa tsakiyar gona ta gindin gawo: igiya bakwai da ɗan ɗoriya. A hanyar komawa na tsai da dattawan nan cikin rana tsaka, aka ratsa gonakin Baffa haka nan: ɗaya huɗu da kwata, ɗaya uku ba kaɗan. Na haɗa a littafi, ya ba da bakwai da ɗan ɗoriya, ko taƙi bai kuskure ba. Na nuna wa Jatau shafin, shi da ba ya karatu, na ce ga cikin nan ya gani. Ya saɓa igiyarsa ya yi gaba.

A inuwar bishiyar bedi ta ƙofar mai unguwa na rubuta takardar musaya da hannuna, da Hausar boko mai kyau. Na goga wa kowa tawadar biro a ɗan yatsa ya dangwala. Liman ya ja Fatiha aka shafa. Da na shiga gida Inna ta tambaye ni ko na duba da kyau. Na ce sau biyu na duba, baki da ciki. Ta sa mini albarka, ta ce a zubo mini fura.

Ruwan shuka ya sauka bayan sati uku, da la'asar, da iska da tsawa. Gari ya cika da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kwaɗi suka fara, shanun Fulani da ke mashekarin bayan gari suka yi ta kuka. Da asuba Inna ta fiddo masakin iri na Baba, babbar ƙwarya mai ɗinki a gefe. Kowace shekara Inna ke cika masa ita da gero fal, gonar gawo ta shanye shi tas. Ta cika ta kamar yadda ta saba, ta ɗora wa babbar ƙanwata a ka. Ina gaba ina sara da sungumi, hannuna duk ya yi bororo, su suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kafin azahar mun gama gonakin biyu.

Iri ya rage. Ba ɗan kaɗan ba, kusan rabin masaki muka dawo da shi gida. Tun kafin a tambaye ni na fara bayani, wai Baba ne ke zuba iri da yawa a rami, mu kuwa mun yi tattali. Inna ta jawo ƙwaryar, ta tura hannu cikin geron har wuyan hannu, ta daɗe a haka. Sannan ta ce to madalla, ta rufe da faifai ta tura ƙarƙashin gado.

Gero ya kai ƙwauri lokacin da Malam Lawali ya kawo mu kan darasin. Mutumin Anka ne, siriri, mai kaifin baki, amma ya san lissafi. Alamar nan mai kama da lauje mu rut muke ce mata. Shi kuwa in ya ga mun yi zuru sai ya juye Hausa ya ce saiwa ce: saiwar tara uku ce, don uku sau uku ne ya haifi tara. Ranar ya shigo a jiƙe, ya rubuta √18 + √8 a allo, ya ba mu minti biyar. Ni ko minti ɗaya ban yi ba. Goma sha takwas da takwas, ashirin da shida, na ɗora masa lauje na ajiye biro.

Ya ce duk wanda ya samu √26 ya miƙe tsaye. Fiye da rabin aji muka miƙe. Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce mu ba 'yan lissafi ba ne, 'yan tsince ne, duk abin da muka gani a ƙasa sai mu zuba a buhu ɗaya. Aka yi dariya, har da mu. Sannan ya warware. Goma sha takwas tara ce sau biyu, saiwar tara uku ce, sai ta fito waje a samu 3√2. Takwas huɗu ce sau biyu, saiwar huɗu biyu ce, a samu 2√2. Yanzu sun zama iri ɗaya, ana iya haɗa su, uku da biyu biyar, 5√2. In ka mai da biyar ɗin cikin lauje ta koma ashirin da biyar, sau biyu hamsin. Amsa √50 ce, ba √26 ba.

Ya ga har yanzu wasu ba su gane ba, ya ce bari ya sauko mana ƙasa. Ya rubuta √9 + √4. Uku da biyu, biyar. Biyar kuwa saiwar ashirin da biyar ce, alhali tara da huɗu goma sha uku ne kawai. Sai ya zana babban fili mai kusurwa huɗu, biyar ta kowane gefe, ya yanyanka shi gida-gida, gida ashirin da biyar. A kusurwar sama ya shafe uku-uku da alli, gida tara. A kusurwar ƙasa ya shafe biyu-biyu, gida huɗu. Ya ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, layin ya ratsa ƙananan biyun cif-cif. Ya ce tsawon layin a na farko shi ne √18, a na biyu √8, gaba ɗaya √50, wato tambayar da ya fara ba mu. Ya ce gefe ya yi daidai, layin tsakiya ma ya yi daidai, to mu ƙirga masa gidajen da alli bai taɓa ba.

Na ƙirga. Shida a dama, shida a hagu. Goma sha biyu.

Ya ce mu zauna, kowa ya zauna, ni ina tsaye. Ba allo nake gani ba, gonar gawo nake gani, da igiyar Jatau tana ratsa ta, da ni cikin farar riga ina nuna wa tsoho shafin littafi. Sai da na kusa da ni ya ja mini riga. Malam Lawali ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na ce lafiya lau, na zauna.

Daga makaranta ban biya gida ba. Na jingine keke a bakin rafi, na tuɓe takalmi na tsallaka, ruwa iya gwiwa. Na tarar da Baffa a gonar gawo da 'yan ƙodago shida suna noman fari, gero ya yi baƙi-ƙirin don kyau. Na buɗe masa littafi, na ce gida ashirin da biyar muka ba shi ya ba mu goma sha uku. Ko kallon shafin bai yi ba. Ya dogara da kalme, ya ce cikin sanyin murya: “Ni nac ce daidai na, ko kai kac ce? Gaban liman kac ce, da hannunka ka rubuta. Ni ban san boko ba, ɗana. Abin da mai ilimi yac ce shi na bi.”

Mutumin da tun yana yaro yake noma iyaka da gonar nan, wanda in ya kalli fili zai faɗa maka damin da za ta ba da, shi ne bai sani ba. Na je wurin mai unguwa, ya fiddo takardata daga cikin gafaka ya tambaye ni ko rubutun wani ne. Liman ya ce abin da aka shafa wa Fatiha ba a tayar da shi. Jatau ya ce shi ya faɗa sau ɗaya, kuma sana'arsa rijiya ce ba shari'a ba. Duk cikinsu ba wanda bai san girman gona da ido ba. Sun sani sarai tun a gindin gawo, sai kowa ya samu wurin ɓuya a bayan takardar yaro. Har yau in na tuna su zuciyata ba ta yin sanyi, kodayake uku daga cikinsu suna ƙasa.

Inna kam ban gaya mata ba. Na ce in ta fita takaba zan faɗa. Ta fita, na ce sai bayan kaka. Kaka ta zo muka ɗaure dami talatin da ɗaya, inda Baba ke kawo sittin. Na ce tsuntsu ne, na ce ƙasar bayan gari ta gaji, na ce ruwa ya ɗauke da wuri. Duk ƙaryar da na kawo sai ta ce haka ne, Allah Ya sa albarka a wanda aka samu. Tun daga ranar ta rage awon tuwo. Da rani furar rana ta koma ta 'yan yara kawai. Da bazara ta sai da awakinta biyu, sannan kwanonin jerenta suka fara fita ɗaya-ɗaya cikin zane.

Damina ta zagayo, farar hula sun karɓi mulki, rediyo sai kiɗa. Ranar shuka Inna ba ta fiddo masakin Baba ba. Wata 'yar ƙwarya sabuwa ta miƙo, cike da iri. Na lura, amma ban tambaya ba, don mai ɓoye magana ba ya son tambaya. Muka shuka gonakin biyu, tsabar ƙarshe ta faɗa ramin ƙarshe, ƙwarya ta dawo gida wayam. Sati biyu bayan nan babbar ƙanwata ta shiga rumbu da tsintsiya ta sharo abin da ya rage, bai cika tiya uku ba.

Wanda bai yi yunwar damina ba ba zai gane ba. Duniya duk kore, ko'ina ruwa, gero ya fi mutum tsawo yana kaɗawa, amma ba abin da za ka sa a baki sai nan da wata biyu. Da safe yara su fita da kwando su tsinko tafasa a bakin hanya, ƙafafunsu duk taɓo. Itace a jiƙe, Inna ta yi ta hura wuta hayaƙi na cin idonta. A dafa ganyen a zubar da ruwan fari, a sake dafawa, a matse, a barbaɗa gishiri. Ba ƙuli, ba mai. Warinsa ya kama tukunya, ya kama tufafi, ya kama bakin mutum, in ka yi gyatsa shi ne. Da rana Inna ta tafi surfe gidajen masu hali, ita da ba ta taɓa daka hatsin wani ba, a ba ta dusa. Ta tankaɗe ta dama kunu, mu sha yana kartar maƙogwaro. Marka ta zauna, ɗakin Baba ya fara yoyo, katangar baya ta zube ba mai ɗagawa.

Kulu ce ta fi shan wuya. Yarinya mai surutu kamar ta ci aku, sai ta yi shiru. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, cikinta ya fito, ƙafafu suka sirance. Takan zauna a bakin murhu ta zuba wa tukunya ido, ba ta kuka, ba ta roƙo. Wata rana ta tambaye ni ko tuwo ya ƙare a duniya ne ko a gidanmu kawai. Na tashi na bar mata wurin.

Da aka yi hutun makaranta na shiga ƙodago. Ina kuwa ake da aiki mai yawa in ba gonar gawo ba? Na yi maimai, noma na biyu, a gonar ubana, ana biyana da tiyar gero, ni da ba a bari in taɓa kalme a cikinta ina ɗan gida. Gawo ba ya ganye da damina, don haka ko inuwarsa ban samu ba, a rana nake cin ɗan abin da aka kawo wa ma'aikata, in ɓoye rabi a aljihu saboda Kulu. Ina noma ina ƙirgawa, wannan gidan namu ne, wancan ma namu ne, har goma sha biyu. Baffa bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ran nan da aka tashi ya kira ni gefe, ya ce shi tausayinmu yake ji. In zan bar bokon nan in shigo gandunsa in yi noma tare da 'ya'yansa, zai riƙa auna wa gidanmu hatsi har kaka, da kowace shekara. Ya ce ai na gani da idona inda boko ya kai mu.

Saura shekara ɗaya in gama. Amma na kalli Kulu da yamman nan na ce a raina shi ke nan, na yarda. Sai dai ba zan bar makaranta ba tare da na gaya wa Inna dalili ba, dalilin kuwa shi ne abin da na shekara ina ɓoyewa.

Washegari da hantsi ana yayyafi na same ta a rumfar girki tana matse tafasa. Na tsuguna nesa kaɗan. Na fara daga ranar awo, na faɗi maganar Jatau, na faɗi darasin Malam Lawali, har na ɗauki tsinke na zana mata gidajen a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ashirin da biyar da goma sha uku. Na ce ba tsuntsu ba ne, ba ruwa ba ne, ni ne. Na ce ni na sa Kulu ta zama haka, kuma zan bar makaranta in shiga gandun Baffa. Ina magana hawaye na zuba, ƙato da ni.

Ba ta kalli zanen ba. Ta gama matse ganyen da ke hannunta ta ajiye a akushi, ta goge hannu a zane.

“Tun ran da iri ya dawo na sani,” in ji ta. “Shekara ashirin ina cika ma ubanka masakin ga, bai taɓa maido ko tsaba ba.”

Na tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba, alhali da ta fita takaba tana iya kai ƙara har Gummi. Ta ce ta yi tunanin haka dare da rana. Amma in ta je, abin da za ta faɗa a gaban mutane shi ne takardar ɗanta ƙarya ce, karatunsa bai iya auna gona ba. Baffa kuwa tun ranar sadakar uku yake cewa a cire ni daga boko, dangi duk suna bayansa, ita kaɗai ta tsaya. In ta tsaya gaban alƙali ta ƙaryata takardata da bakinta, da me za ta sake tsayawa? Ƙila a maido gona, ƙila ba a maido ba, amma makaranta kam ta ƙare.

Na ce to ai yanzu ni ne na ce zan bari. A nan ne ta ɗago ta dube ni, irin kallon da uwa ba ta yi wa ɗan fari. Ba tausayi a cikinsa ko kaɗan.

“Rabin gonar ubanku ta tafi kan karatun ga. Naman jikin Kulu ya tafi kansa. In ka bar shi yanzu, Nomau ya ci gona ya ci ɗa. Tashi ka ba ni wuri, kuma wanga karon ka tsaya ka koyi abin da kyau.”

Ban shiga gandun Baffa ba. Muka ci tafasa har gero ya yi tumu. Kulu ta rayu, tana gidan mijinta a Anka da 'ya'ya huɗu, amma duk cikinmu ita ce gajeruwa, kuma har yau in ta ci abinci sai ta ɓoye ɗan saura. Ba ta san dalilin yunwar shekarar nan ba sai da ta girma na gaya mata. Ta yi dariya ta ce ya wuce, ni ne dai bai wuce mini ba. Gonar gawo tana hannun 'ya'yan Baffa, mukan gaisa a wurin biki da jana'iza. Inna ta rasu ba ta sake taka ta ba.

Da aka zo rabon 'yan kayanta ban ɗauki komai ba sai ƙoren nan biyu, masakin Baba mai ɗinki da ƙaramar da ta saya a damina ta biyu. Wata rana abin ya dame ni, na samo gero da gwangwanin awo na gwada su. Na cika babbar, gwangwani ashirin da biyar ta ci, da ɗan tozo. Na cika ƙaramar, ta ci goma sha uku. Matar da ba ta taɓa riƙe biro ba, tana cikin ɗakin takaba, ba ta ga gonakin ba, ta tura hannu cikin gero ta samu amsar da ni na faɗi da littafi da biro biyu.

Ruwan ya ɗan tsagaita yanzu. An leƙo daga cikin gida an ce yara sun cinye kwaɗon, ko a dafa mini wani abu. Na ce a bari tukuna. Na ɗauki jan biron na soke √26 ɗin yarinyar nan, ban ba ta ko rabin maki ba. A gefen takardar na zana mata fili mai gida ashirin da biyar, na shafe tara, na shafe huɗu, na rubuta a ƙasa ta ƙirga sauran ta zo ta same ni ranar Litinin.